Pavarotti: muryarsa ce ta ɗaukaka shi ko akwatin talabijin?

Auwal_Fagge: Assalamu alaikum ƴan gida. Jiya da daddare ina duba waya sai na ci karo da wani bidiyo. Wani ƙaton Bature ne mai gemu, cikin baƙar kwat, da farin hankici a hannu, yana waƙa da Italiyanci. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma da ya zo ƙarshe ya ɗaga muryar nan sai da tsigar jikina ta tashi. Babanmu yana gefe yana shan shayi, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ai Pavarotti ne, na ƙwallon 1990." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mutum da irin wannan baiwa amma da ƙwallo ake tuna shi. Ni dai a ganina talabijin ce ta yi shi. Ba don ita ba da yana can cikin gidajen wasan Turawa, masu kuɗi ƙalilan na tafa masa, mu ko sunansa ba mu ji ba. Masu sani a gyara mini in na yi kuskure.

Ummi_Zinder: Wa alaikumus salam. Ni ma ta waya na san shi, kuma waƙar guda ɗaya tak na sani. Ina tare da kai Auwal.

Baba_Injiniya: Auwal ɗana, mahaifinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. A 1990 ina karatu a Ingila. Gidan talabijin na BBC ne ya ɗauki waƙar, sunanta Nessun dorma, ya mai da ita taken shirinsa na gasar cin kofin duniya da aka yi a Italiya. Duk sanda za a fara nuna wasa ita ke buɗe fage, wata guda cur. Kafin gasar ta ƙare direban bas yana fito da ita, leburan gini yana rera ta a saman bene. Har sai da ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar, tana gogayya da waƙoƙin samari. Abin da nake so ka lura da shi, faifan da suka sa ba sabo ba ne. Tun 1972 aka naɗe shi. Shekara 18 ke nan muryar tana kwance a faifai kafin ƴan kallon ƙwallo su farga da ita, kuma a lokacin mutumin ya ba hamsin baya, ya kusa shekara talatin yana sana'ar. Wanda aka ɗauko ya daɗe da zama sarki a gidansu.

DanGarwa: Baba, mu a Garwa ba mu ji wannan waƙa ba ko kaɗan a lokacin. Abin da muka ji ihun unguwa ne ranar 8 ga Yuni, da Omam-Biyik ya tashi sama ya sa wa Ajantina kai a Milan, ga Maradona tsaye a fili. Mutum tara muka ƙare wasan saboda jan kati biyu. Talabijin ɗaya ce a layinmu, an fito da ita ƙofar gida an ɗora kan benci, yara a ƙasa, manya kan tabarma. Ni 1990 ta Roger Milla ce da rawarsa a kusurwar fili.

Baba_Injiniya: DanGarwa ka tuna mini. Ranar 1 ga Yuli da kuka haɗu da Ingila a Naples, mu biyar ne baƙaƙe a ɗakin kallo na ɗalibai, Turawa sun fi hamsin. Da Ekeke ya ci ta biyu muka miƙe muna rungumar juna, ɗakin ya yi tsit. Sai Lineker ya zo da fanaretinsa biyu. 3 da 2. Har yau in na ji waƙar nan wannan daren nake gani.

DanGarwa: Kar ka fama mini ciwo Baba. Minti bakwai ya rage mu kai wasan kusa da na ƙarshe.

Malama_Binta: Ƴan ƙwallo ku yi haƙuri in dawo da mu kan tambayar Auwal, don muryar ake magana. Ni malamar kiɗa ce, kuma na daɗe ina sauraron mutumin nan.

An haifi Luciano Pavarotti a garin Modena da ke Italiya ranar 12 ga Oktoban 1935. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, kuma yana da murya mai kyau, amma bai mai da waƙa sana'a ba. Mahaifiyarsa a masana'antar taba take aiki. Shi kansa da farko gola yake son zama, sannan ya koyar a firamare na shekara biyu, ya kuma yi tallar inshora don ya samu abin riƙe kansa yana koyon waƙa. A 1955 ya bi ƙungiyar mawaƙa maza ta garinsu, wadda mahaifinsa ke ciki, zuwa gasa a Llangollen da ke Wales, suka zo na ɗaya. Bai hau dandalin opera ba, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, sai 29 ga Afrilun 1961 a Reggio Emilia, bayan kusan shekara bakwai yana zama gaban malamai.

Auwal, abin da bidiyo ba zai nuna maka ba shi ne, a gidan opera babu makirufo. Mawaƙi yana tsaye a dandali, a gabansa cikin rami akwai makaɗa sittin, saba'in ko fiye, da goge da ƙaho da ganguna, kuma dole muryarsa ta ratsa su ta kai kujerar ƙarshe. Babban gidan opera na Niyok, wanda ake kira Met, yana cin mutum kusan 3,800. A wannan gida ne, cikin Fabrairun 1972, ya rera wata waƙa da Donizetti ya tsara, mai ɗauke da sautin nan na can ƙololuwa har sau tara a jere, wanda Italiyawa ke kira do di petto, wato sautin ƙirji. Maza da yawa sau ɗaya ma tsoronsa suke ji. Shi ya jero su kamar yana ƙirga ƴaƴansa. Sau 17 aka dawo da shi gaban labule saboda tafi. Daga nan aka laƙaba masa sarautar wannan sauti. Babu kofin duniya a ranar.

Ladan_Yakubu: Malama, Allah ya ƙara sani. Ni ba mai sauraron kiɗa ba ne, kuma ba zan ɓoye ba, amma maganar murya ba makirufo ta shafe ni. Kakana ladan ne tun kafin lasifika ta zo garinmu. Yakan hau tudun masallaci da asuba, har masu kwana a gona bayan rafi su ji shi. Ya koya wa mahaifina cewa kiran ba daga maƙogwaro yake fitowa ba, daga ƙasan ciki ake turo shi, maƙogwaro hanya ce kawai. Ni yanzu in wuta ta ɗauke ina tsakiyar kira nakan ji bambanci tsakanina da su. Ko abin da Turawan ke yi ke nan?

Malama_Binta: Shi ne sak, Malam Yakubu. Iskar ana riƙe ta ne da naman da ke ƙasan huhu, a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, maƙogwaro a buɗe ba a matse ba. Pavarotti da kansa ya sha faɗa cewa numfashi a wurin Joan Sutherland ya gyara shi, mawaƙiyar Ostareliya, lokacin da suka zaga ƙasarta tare a 1965. Akwai kuma wani ƙara mai kaifi da suke koyon sa wa murya, kamar amon ƙararrawa, wanda ke bi ta saman kayan kiɗa ya wuce. Shi ya sa ba ƙarfin ihu ba ne. Sanƙiran fada na da ma haka suke, ka ji kirari daga ƙofar gari alhali ga tambura na tashi.

Alhaji_Tanko: Ni zan zo da wata magana da ba kowa zai so ba. Ban yarda da Auwal cewa talabijin ta yi shi ba. Cewa nake yi talabijin ta ɓata shi. Pavarottin da Malama ke bayani na 1965 zuwa wajen 1980 ne, kuma wannan yabon gwani ya zama dole. Amma da kuɗin filin wasa da na kyamara suka shigo, sai aikin asali ya zama nauyi. Gidan opera na Chicago ya sallame shi a 1989, bayan ya soke wasa 26 cikin 41 da aka shirya da shi a shekara takwas. Mutane sun sayi tikiti, wasu sun yi tafiya mai nisa, su zo a ce ba ya nan. Sannan a Disambar 1992, daren buɗe kakar wasa a La Scala, babban gidan opera na Milan, muryarsa ta tsage a wasan Don Carlo, ƴan saman bene suka yi masa ihu a ƙasarsa ta haihuwa. Takwaransa mawaƙin opera Plácido Domingo ya haddace matsayi fiye da ɗari a rayuwarsa. Shi kuwa ƴan kaɗan ya riƙe yana ta maimaitawa, ƙarshe ma ya koma tsayawa gaban makirufo da hankici yana rera guntayen da kowa ya sani.

Ummi_Zinder: Alhaji to miye laifin rera abin da mutane ke so?

Alhaji_Tanko: Ƴata, opera labari ce mai tsawon awa biyu ko uku, da farko da tsakiya da ƙarshe. In ka yanko minti uku mafi daɗi ka ba mutane, kamar ka tsame nama ne daga miya ka ce ga abincin. Za su ci su ji daɗi, amma ba su san girkin ba.

Baba_Injiniya: Alhaji Tanko, Allah ya ja kwana, ban musa maka Chicago ba, haka aka yi. Amma bari in gaya maka abin da idona ya gani. Ranar 30 ga Yulin 1991 ya yi wasa a filin Hyde Park na Landan, na cikarsa shekara talatin yana waƙa, kuma kyauta ne ga duk mai son tsayawa. Na je da wani abokina ɗan Sudan. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya tun kafin a fara. Mutum fiye da dubu ɗari, kowa da lema, na baya ba sa ganin komai. Sai aka roƙi jama'a su sauke lemominsu, kuma suka sauke, har da Gimbiya Diana da ke sahun gaba. Hotonta da jiƙaƙƙen gashi ya zaga jaridu washegari. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da ta rufe kanta da ledar shara, tana riƙe da flas ɗin shayi. Da ya fara wata waƙa a hankali sai na ga haɓarta na rawa, ruwan sama da hawaye sun haɗu a fuskarta. Ta ce mini shara take yi a ofisoshi, ba ta taɓa shiga gidan opera ba, ba ta da kuɗin. Alhaji, in ba a tsamo mata naman ba, ko ƙamshin miyar ba za ta ji ba har ta mutu.

Zongo_Modena: Salam ga kowa. Ni ɗan Zongon Kumasi ne, shekara 14 ina aiki a kamfanin tayil kusa da Modena, mu ƴan Gana muna da yawa a nan. Mutanen garin nan ba su ɗauke shi ɗan talabijin ba, ɗan mai burodi suke ce masa. Gidan wasan garin sunansa aka sa masa, kuma a gefensa akwai mutum-mutuminsa na tagulla, hannuwa a buɗe, da hankicin. Gidan da ya rasu a ciki yana bayan gari, an mai da shi gidan tarihi, na taɓa kai yarana. Filin da yake tara mawaƙan duniya kowace shekara, Parco Novi Sad, nan ake cin kasuwa duk Litinin, nan nake sayen takalman yara. Wani tsoho da muke aiki tare ya ce ranar jana'izarsa a Satumbar 2007 jiragen sojan sama sun ratsa saman babban cocin garin da hayaƙi launin tutar Italiya, shi kuma ya tsaya a dandali tun safe bai ci komai ba.

Alhaji_Tanko: Wannan taron na shekara-shekara ma yana cikin abin da nake faɗa. Mai muryar da ta cika La Scala a ce ya tsaya yana waƙa da ƴan matan nan mawaƙan zamani na Ingila, Spice Girls.

Zongo_Modena: Alhaji, da girmamawa, ka duba inda kuɗin suka tafi. Daga 1992 zuwa 2003 ake taron. An yi don yaran Bosniya, har aka gina cibiyar kiɗa da sunansa a Mostar. Na 1998 don yaran Laberiya aka yi, bayan yaƙinsu. An yi na Afganistan, an yi na Angola, an yi na Iraƙi. Kofi Annan, ɗan garinmu, ya naɗa shi manzon zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1998, kuma a 2001 hukumar ƴan gudun hijira ta ba shi lambar Nansen. In ba a kawo mawaƙan da matasa suka sani ba, wa zai kunna talabijin, wa zai sayi faifan? Ni na zauna da ƴan Laberiya a sansanin da ke kusa da Akra, na san me ake nufi da yaron da yaƙi ya raba da iyayensa.

Hajiya_Jummai: Wani ya gaya mini ma'anar waƙar Nessun dorma ɗin nan mana. Kullum ina ji ana sa ta a bidiyon nasara, na ɗauka waƙar ƙwallo ce.

Malama_Binta: Hajiya, ba ta da alaƙa da ƙwallo ko kaɗan. Daga wasan Turandot take, na mai tsara kiɗa Puccini, wanda ya rasu a 1924 bai ƙarasa shi ba, wani ya kammala aka fara nuna shi a Milan a 1926. Labarin wata gimbiya ce a ƙasar Sin da ta sa sharaɗi: duk mai son aurenta sai ya amsa kacici-kacici uku, in ya faɗi a sare kansa. Wani baƙon yarima ya amsa duka. Gimbiya ta ƙi yarda, sai ya ce to in ta gano sunansa kafin gari ya waye ya yarda a kashe shi. Ita kuma ta ba da umarni kada kowa ya runtsa a birnin sai an gano sunan, in ba haka ba a bakin ransu. Ma'anar sunan waƙar ke nan, kada kowa ya yi barci. Yarima ne ke rerawa cikin dare shi kaɗai, kuma kalmar ƙarshe da yake ja da tsawo tana nufin zan yi nasara. Jim kaɗan bayan haka wata baiwa da ta san sunan ta kashe kanta don kada azaba ta sa ta faɗa. A nan dole in ba Alhaji Tanko gaskiyarsa: wanda ya ji minti ukun kawai bai san akwai baiwar ba, alhali ita ce zuciyar labarin. Kuma Pavarotti bai cika fitowa a cikakken wasan ba, waƙar ce ta bi shi.

Hajiya_Jummai: Ikon Allah. Ashe akwai gawa a bayan wannan daɗin. Na gode Malama.

Sani_Situdiyo: Ni a situdiyo nake aiki a Kano, bari in kawo wani abu da ba a taɓo ba. Fitowarsa ta ƙarshe a duniya a talabijin ce, 10 ga Fabrairun 2006, bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Turin. Kowa ya ce tsoho ya yi abin mamaki. Bayan rasuwarsa, a 2008, jagoran makaɗan daren, Leone Magiera, wanda ya daɗe yana aiki da shi, ya bayyana cewa an naɗi waƙar tun kwanaki kafin bikin. Mamin ya yi, makaɗan ma motsa hannu kawai suke yi. Mu nan mun saba, jarumi na motsa baki, mai waƙar na can ɗakin naɗi. Amma a ce sarkin da aka yi wa kirari da waƙa ba makirufo ya rufe da mamin, wannan ya goyi bayan Auwal. Talabijin na iya ƙera abin da babu.

Hajiya_Jummai: Sani, a nan ban bi ka ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 26. Mutum ne ɗan shekara 70, da nauyin jiki, ƙafafu da baya sun gaza, a fili cikin dare a tsakiyar sanyin Fabrairu. Wata biyar bayan wannan aka gano ciwon daji a cikinsa aka yi masa aiki, bayan shekara guda da ƴan watanni ya rasu, 6 ga Satumbar 2007. Na ga irin waɗannan marasa lafiya, tashi daga kujera ma aiki ne. Kuma muryar da aka ji tasa ce, ta wannan makon, ba ta wani ba. Ba daidai yake da jarumin da ke ari bakin wani ba. Ka kalli fuskarsa a ƙarshen bidiyon, idon nan ba wasa ba ne, mutum ne da ya san yana sallama.

Sani_Situdiyo: Hajiya na yarda muryarsa ce. Abin da ya dame ni ba a gaya wa mutane ba. Miliyoyi sun yi kuka suna zaton a take ake yi.

Alhaji_Tanko: Da ya tsaya a 2004 da ya fi masa. Ranar 13 ga Maris ta wannan shekarar ya yi operarsa ta ƙarshe a Met, wasan Tosca, aka miƙe tsaye ana tafa masa. Nan ne wurin ajiye sanda.

Baba_Injiniya: Alhaji, ni da kai mun san ajiye aiki ba sauƙi. Ƙasarka ta kira ka ka wakilce ta gaban duniya, ka ce a'a? Na bar wa Allah wannan.

Nafisa_Jos: Ina ta karantawa shiru. Abu biyu. Na farko, ba a yi maganar yadda haɗuwarsa da mawaƙan opera Carreras da Domingo, su uku, ta faro ba. José Carreras ya kamu da sankarar jini a 1987, ya sha jinya ya tashi. Wasan da suka yi a Roma ranar 7 ga Yulin 1990, jajibirin wasan ƙarshe, cikin kangon tsoffin wuraren wanka na Caracalla, har da murnar dawowarsa a ciki da tallafa wa gidauniyarsa, shi da Pavarotti da Plácido Domingo, Zubin Mehta na jagorantar makaɗa. Faifan ya zama wanda aka fi saye a tarihin irin wannan kiɗa. Daga baya ne abin ya zama kasuwa, Los Angeles 1994, Faris 1998, Yokohama 2002. Na biyu, ga masu cewa guntun waƙa a talabijin ba ya kai mutum ga cikakken abu: Pretty Yende ta Afirka ta Kudu tana ƴar shekara 16 ta ji ƴan daƙiƙoƙi na opera a tallar jirgin sama a talabijin, ta tambayi malaminta mene ne wannan. Yau tana waƙa a La Scala da Met, ita ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a 2023.

DanGarwa: 1994 kuma Italiyar ce ta fitar da ku Najeriya, Baggio ya farke ana saura minti biyu. Mu da ku duk an sha mu a kusa da gaci.

Auwal_Fagge: Yaya DanGarwa a bar tone-tone haka, Babanmu har yau ba ya son jin sunan Baggio.

Malama_Binta: Ƙari kan maganar Nafisa. Talabijin ba a 1990 ta fara da shi ba. A 1963, da ya je Landan ya maye gurbin mawaƙin opera Giuseppe Di Stefano, an sa shi a wani shahararren shirin daren Lahadi, Ingilawa suka gan shi a ɗakunansu. Sannan a Maris na 1977, lokacin da aka ƙaddamar da wani shiri na watsa wasannin Met kai tsaye a talabijin ɗin Amurka, shi da Renata Scotto aka fara da su, a La bohème, cikakken wasa daga farko har ƙarshe. Kuma ba shi ya fara cin moriyar na'ura ba. Caruso, shahararren mawaƙin opera na da, ya yi naɗin faifai a Milan tun 1902, garmaho ya kai shi gidajen da bai taɓa takawa ba. Amma ku tambayi kanku, mawaƙa nawa kyamara ta haska a shekarun nan? Me ya sa shi ya zauna a zukata? Ni ina ganin akwai wani haske a muryarsa, kamar hantsi, ga kalmomi na fita tar ko ba ka jin yaren. Sai kuma fuskar. In ya gama waƙa yakan buɗe hannuwa ya yi murmushi kamar yaron da aka ba kyauta. Kyamara na son irin wannan fuska. A dandali kuwa ba gwanin kwaikwayo ba ne, Domingo ya fi shi nesa, wannan ko masoyansa sun sani.

Alhaji_Tanko: To Malama kin ga mun haɗu a wani wuri. Fim ma ya gwada a 1982, bai karɓu ba. Tsayuwa wuri ɗaya ya iya, talabijin kuma ta ce masa tsaya hakan ya isa.

Nafisa_Jos: Akwai abin da ke burge ni kuma. A bikin Grammy na 1998 ya kasa zuwa saboda ciwon maƙogwaro, ana dab da kiransa. Mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta fito ta rera Nessun dorma a madadinsa da salonta na coci. Ku nemi bidiyon. Waƙar ta riga ta fita daga hannun ƴan opera ta zama ta kowa, kuma shi ya fito da ita.

Alhaji_Tanko: Kin ga an sake soke wasa ke nan.

Hajiya_Jummai: Alhaji, maƙogwaro nama ne, ba ƙarfe ba.

Auwal_Fagge: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Daren jiya na nemo na 1977 ɗin da Malama ta faɗa, mai fassarar Turanci a ƙasa. Hoton ya dushe, sautin ma ba kamar na yanzu ba. Na yi niyyar kallon minti goma, sai ga ni har ƙarshe, datata ta kusa ƙarewa. Wurin da yarinyar ke kwance tana mutuwa, abokan saurayinta, wato Pavarotti a wasan, sun gane shi bai gane ba, yana ta gyara labulen taga don kada haske ya dame ta, sai ya juyo ya ga fuskokinsu ya ƙwala kiran sunanta. Na ajiye wayar na fita tsakar gida. Na janye cewa talabijin ce ta yi shi. Amma Alhaji, wannan ɗin ma da ya girgiza ni, ai kyamarar talabijin ce ta ɗauka. Ba don ita ba ni ɗan Fagge ina zan gan shi?

Alhaji_Tanko: Wancan kyamara ce ta je gidansa ta same shi yana aikinsa. Na baya shi ne ya bar gidan ya bi kyamara. Ka kalli na Los Angeles 1994 ka dawo mu yi magana.

Ladan_Yakubu: Malama Binta, in ba damuwa ki rubuto mini yadda ake motsa numfashin nan dalla-dalla. Akwai yara biyu da nake koya wa kira, ƙaramin muryarsa na shaƙewa tun kafin ya kai rabi.

Malama_Binta: To Malam. Ka fara sa shi ya kwanta rigingine, ka ɗora masa littafi mai ɗan nauyi a kan cibiya. In ya ja iska littafin ya tashi, kafaɗu kada su motsa. Sannan ya saki iskar a hankali ta tsakanin haƙora yana ƙirgawa a zuci, yau goma, gobe sha biyu. Kada ya yi kira da ƙarfi da sanyin asuba bai ɗumama murya ba, ya fara da gunji ƙasa-ƙasa baki a rufe, ya sha ruwa mai ɗumi. Shekararsa nawa? In muryarsa na cikin fashewa ne ta balaga, a sassauta masa tukuna.

Ladan_Yakubu: Sha huɗu ne. Ashe shi ya sa. Zan bar babban ya riƙa yi, shi kuma ya ci gaba da na littafin.